Tambayoyin Masu Karatu: Bin Diddigin Haihuwar Kwaɗi a Tafkin da Ke Ƙafewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare da ke wajen garin Daura. Kwanakin baya na kalli wani shiri a YouTube inda wasu mutane a Amurka suke shiga ƙananan tafkuna na cikin kurmi bayan wucewar sanyi, suna ƙirga ƙwan kwaɗi suna rubutawa, har aka ce hukuma tana aiki da abin da suka rubuta. A bayan makarantarmu akwai wani kwari mai itatuwan giyayya da bagaruwa wanda yakan tara ruwa da damina, ya ƙafe bayan kaka, kuma da zarar an yi ruwan sama kukan kwaɗi ba ya barin masu kwana a makarantar su runtsa. Ina so in yi irin wannan aiki da ɗalibaina. Shin zai yiwu a nan, kuma ta ina zan fara?

Daga wani malami, Daura

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin zai yiwu, kuma wurin da ka kwatanta ya dace da shi ƙwarai, domin giyayya da bagaruwa itatuwa ne masu jure tsayuwar ruwa a gindinsu, ganinsu a kwari alama ce ta cewa wurin ya daɗe yana cika yana ƙafewa. Sai dai idan ka ɗauko tsarin mutanen da ka gani ka dasa shi a Daura yadda yake, za ka koma gida da takarda babu komai a kanta, kuma yana da kyau ka san dalili kafin ka tara yara.

Tafkunan da ka gani suna yankin arewa maso gabashin Amurka ne da kudancin Kanada. Suna cika da narkakkiyar ƙanƙara da ruwan saman watannin Maris da Afrilu, su ƙafe a tsakiyar lokacin zafi, kuma wannan ƙafewar ita ce darajarsu, domin kifi ba ya iya zama a cikinsu, saboda haka ƙwai da ƙananan kwaɗi suna tsira daga babban mai cinye su. A daren farko da aka yi ruwa mai ɗumi, sanyi ya sassauta zuwa wajen digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, sai kwaɗon kurmi, wanda yake iya daskarewa a ƙarƙashin busasshen ganye duk tsawon hunturu ya kuma farfaɗo, ya nufi tafki tare da wata halitta mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo, wadda ake kira salamanda. Macen kwaɗon kurmi takan saka ƙwanta a dunƙule guda ɗaya, mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwai, ta manna shi a jikin reshen da ke cikin ruwa. Da yake ruwan yana da sanyi sosai, dunƙulen yakan yi mako biyu ko uku, wani lokaci fiye, kafin ya ƙyanƙyashe. Wannan ne ya sa mai ƙidaya yake iya zuwa da rana tsaka a natse ya ƙirga, kuma adadin dunƙulen da ya samu kusan shi ne adadin matan da suka haihu a tafkin a wannan shekara.

Maganar aiki da rubutun kuma gaskiya ce. A jihar Maine ta Amurka, tun shekarar 2007 doka ta tanadi cewa tafkin da aka samu dunƙulen ƙwan kwaɗon kurmi 40 ko fiye a cikinsa, ko na salamanda mai ɗigon rawaya 20 ko fiye, yana shiga sahun wuraren da ake karewa, kuma kariyar ta haɗa da ƙasar da ke kewaye da shi har ƙafa 250, wato kimanin mita 76, saboda manyan halittun a tudu suke rayuwa, haihuwa kawai ke kawo su ruwa.

A wajenmu abubuwa uku sun bambanta. Babu salamanda ko ɗaya a Afirka kudu da Sahara, don haka ka cire ta daga lissafi. Na biyu, ba sanyi ke tsare kwaɗinmu ba, fari ne: suna binne cikin yashi da laka, ko a ɓoye a ramuka da gindin itatuwa da bakin rijiyoyi, tun daga kaka har ƙarshen bazara, kuma ruwa mai ƙarfi na farko ne ke fito da su, wanda a Daura yakan faɗo a watan Yuni, wata shekarar ya yi sammako a Mayu, wata ya makara har farkon Yuli. Na uku, wanda shi ne ginshiƙin maganar, ruwan tafkinmu ɗumi gare shi, ƙwan da aka saka da daddare yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya ce zai jira Asabar idan an tashi daga makaranta, alhali ruwan ya sauka ranar Talata, ba zai tarar da ƙwai ba. Saboda haka aikinka yana bin hadari ne, ba ya bin jadawalin darasi, kuma wajibi ne ka shirya komai tun shamuwa ta fara bayyana a kan itatuwan gari.

Shirin farko ana yin sa ne tafkin yana busasshe. Ka je wurin mai gonar da kwarin yake ciki da kuma mai unguwa ka yi musu bayani, domin mutum da tocila a bakin gona cikin dare abin tuhuma ne a wannan zamani. Ka kafa sanda mai ƙarfi a wuri mafi zurfi, ka yi mata zane da fenti a kowace santimita 10, yadda za a iya karanta zurfin ruwa daga gaɓa ba tare da an shiga ba. Ka zaɓi wuri guda da za a riƙa tsayawa ana ɗaukar hoton tafkin kowane zuwa, ka sa ɗalibai su zana taswirar wurin da hannu, su nuna itatuwa da hanyar da ruwa ke shigowa da inda shanu ke sauka. Idan makarantar ba ta da ma'aunin ruwan sama, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa, muddin an ajiye shi a fili nesa da rufi da itace.

Sashe na biyu shi ne sauraro, kuma wannan aikin manya ne, kai da wani malami ko mai gadi, ba na yara ba. Maza ne kaɗai ke kukan kiran mata, kuma kowane jinsi da irin muryarsa, shi ya sa kunne yake iya rarrabe abin da ido ba zai gani a cikin duhu ba. Ku isa bakin tafkin aƙalla rabin sa'a bayan faɗuwar rana, bayan sallar isha ma ya fi, ku kashe tocila ku yi shiru na minti biyu domin takunku yakan sa su ɗauke murya, sannan ku saurara na minti biyar cif, kuna naɗar sautin da waya. Masu wannan aiki a Amurka suna da ma'auni mai sauƙi wanda ya dace da ko'ina. Ana rubuta 1 idan kuka yana zuwa jefi-jefi har ana iya ƙirga masu yin sa, ana rubuta 2 idan muryoyi suna hawa kan juna amma har yanzu ana iya bambance ɗaiɗaiku, ana rubuta 3 idan amo ya game wuri ba ya yankewa. Kowane jinsi da lambarsa daban, kuma daren da ba a ji komai ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau, domin shiru a daren da aka yi ruwa labari ne.

Kada rashin sanin sunaye ya dame ka da farko. Ku ba kowace murya laƙabi, ku tsaya a kansa. Za ka ji gurnani mai kauri da ake ja ana maimaitawa, wanda galibi na kwaɗon gida ne mai kaushin fata, daga dangin da masana ke kira Sclerophrys. Za ka iya jin wani ɗan sauti guda guda, ɓul, ɓul, yana tashi daga cikin ciyawa ta wannan gefe a amsa ta wancan, mai wuyar gane inda yake fitowa. Wannan na Kassina senegalensis ne, ɗan ƙarami mai baƙin zane a baya, wanda tafiya yake yi maimakon tsalle. Bududdugi kuma, babban nan mai santsi da ke faɗawa ruwa da ƙara idan an matso, wanda ake kira Hoplobatrachus occipitalis, muryarsa ƙasa-ƙasa take, kuma idan ka haska shi za ka ga wani layi a gicciye a bayan idanunsa. Hotuna da sautin da kuka tara za ka iya ɗora su a manhajar iNaturalist, inda masu sani ke taimakawa wajen tantancewa, ko ka kai wa malaman sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma.

Amma fa, Malam, a nan gani ya kori ji. Kuka yana nuna cewa maza sun hallara suna nema, ba ya nuna cewa an haihu, kuma sau da yawa maza sukan kwana suna kira a bakin ruwan da babu macen da ta amince ta saka ƙwai a ciki. Shaidar haihuwa hawa-hawa take: ganin namiji a bayan mace ya riƙe ta, sannan ƙwai, sannan 'ya'ya masu wutsiya suna iyo, sannan, wadda ta fi duka, ƙananan kwaɗi masu ƙafa huɗu da guntun wutsiya suna barin ruwa. Tafkin da ya kai ga wannan mataki na ƙarshe shi ne ya ƙara wa jinsin yawa a wannan shekara. A ganina wannan bambanci shi ne darasi mafi amfani da ɗalibanka za su ɗauka, ya fi haddace sunayen Latin nesa ba kusa ba.

Da safiyar da ta biyo bayan ruwa ne yara za su shigo aikin, kafin rana ta yi zafi. Su zagaya gaɓa a hankali, su duƙa su duba ruwan da bai wuce idon sawu ba. Ƙwan kwaɗon gida ba ya ɓoyuwa: baƙaƙen ƙwayoyi ne a jere cikin dogon zare mai yauƙi, kamar carbi, a nannaɗe jikin ciyawa, kuma mace guda takan saka dubbai. Wasu jinsunan kuwa, irin sirara masu dogon tsalle na cikin ciyawa, ƙwansu yakan bazu ne a saman ruwa, rabinsa baƙi rabinsa fari, sai an karkata kai an kalli ruwan ta inda haske ke faɗowa kafin a lura da shi. Tun da zaren mace ɗaya yakan sarƙe da na wata, kada ku wahalar da kanku da neman adadin iyaye. Ku rubuta wurare nawa aka ga ƙwai, wane iri ne, a wane zurfi, ku sa alama a taswira.

Daga nan sai ziyara sau biyu a mako. A kowace ziyara a karanta sandar zurfi, a ɗauki hoto, sannan a ja rariya ko koma mai ƙananan idanu sau goma a wurare daban-daban, kowane ja kimanin mita ɗaya, a juye abin da aka kamo a farar roba mai ruwan tafkin, a ƙirga, a duba ko ƙafafun baya sun fito, a mayar da su nan take inda aka ɗebo su. Yawan jan da tsawonsa kada su canza daga mako zuwa mako, in ba haka ba ba za a san ko 'ya'yan ne suka ƙaru ko hannun mai ja ne ya ƙware ba. A rubuta har da masu cin su, balbela da zalɓe da ƙwarin ruwa, kuma a lura da kifi. Tafkinmu ba lallai ya rasa kifi ba kamar na Amurka, domin gaiwa tana iya kwana rani a cikin busasshiyar laka, tarwaɗa kuma takan biyo ambaliya. Hatta 'ya'yan bududdugi masu cin nama ne, suna cinye na sauran jinsuna, don haka raguwar adadi ba kullum take nufin wani abu ya lalace ba.

Lambar da za ta fi kowace daraja a littafinka ita ce yawan kwanakin da tafkin ya riƙe ruwa. Kwaɗinmu na saurin girma, da yawa suna fita daga ruwa cikin 'yan makonni, amma duk da haka tsere suke yi da rana. Idan ruwan farko ya yaudare su, aka yi kwana goma ba a sake ba, za ku tarar da 'ya'yan sun taru baƙi ƙirin a ɗan ruwan da ya rage a sawun shanu, washegari kuma sun bushe a kan laka. Yara za su so su kwashe su a kai wani ruwan. Tausayin abin yabo ne, amma ka fahimtar da su cewa aikinsu rubutawa ne, kuma iyayen za su sake sakawa idan damina ta zauna.

Sauran maganar ta kiyaye lafiya ce, kuma ba ta da sassauci. Kada yaro ya shiga ruwan da ya wuce gwiwa, kada kowa ya taka shi ba takalmin roba, saboda tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke tsaye. Da daddare a haska ƙasa kafin a taka, domin macizai ma kwaɗin suke zuwa nema. A taɓa kwaɗo da jiƙaƙƙen hannu marar mai ko maganin sauro, tun da fatarsa tana shan duk abin da ya taɓa ta, a kuma wanke hannu bayan an gama, domin kwaɗon gida yana fitar da wani farin ruwa mai ɗaci daga kumburin bayan idonsa wanda ke sa raɗaɗi a ido da baki. Idan za ku je wani tafkin daban, ku kankare laka daga takalma da rariya, ku wanke su da ruwan Hypo nesa da tafki, ku shanya su bushe sarai. Akwai wata cutar fata ta kwaɗi da wani naman gwari ke haddasawa, wanda aka bayyana wa duniya a 1999, ta hallaka jinsuna da dama a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya, kuma a jikin kayan aiki tana iya tafiya daga ruwa zuwa ruwa.

Tambaya: Ina zaune a cikin birnin Katsina. Lokacin ƙuruciyarmu kududdufin unguwarmu yakan cika da kukan kwaɗi, yanzu da kyar nake jin ɗaya biyu. Sun ƙare ne, ko kuwa kunnena ne?

Daga wata uwa, Katsina

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa ne abin da kika lura da shi gaskiya ne. Kududdufan birni da yawa an cike su an yi gini, waɗanda suka rage kuma sun zama matattarar shara da ruwan kwata mai sabulu da baƙin mai, kuma ƙwan kwaɗo ba shi da ɓawon da zai kare shi daga irin wannan ruwa. Ko da ruwan yana da kyau, idan an dandaɓe kewayensa da siminti, manyan ba su da inda za su binne kansu su kwana rani. A duniya baki ɗaya ma lamarin ya yi tsanani: babban nazarin da aka fitar a 2023, wanda ya duba jinsuna sama da 8,000, ya nuna cewa kusan kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma babu wani rukunin dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su shiga haɗari. Mafi yawan waɗannan na kurmi da duwatsu ne. Irin namu na ƙasar Hausa masu yaɗuwa ne da juriya, amma juriyar ba ta hana su ɓacewa daga unguwa guda.

Duk da haka tunawa ba ta isa hujja ba, domin dare a birni yanzu cike yake da ƙarar janareta da babura, gidaje kuma sun sami gilashi da fanka. Ki gwada da kanki a wannan damina ba tare da kin fita ko'ina ba. A daren da aka yi ruwa mai yawa, ki tsaya a tsakar gida bayan isha ki saurara na minti biyar, ki rubuta kwanan wata da ɗaya daga lambobin nan uku da na bayyana wa malamin Daura. Idan a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, ba ki taɓa wuce lamba 1 ba, to kududdufin ya rasa mafi yawan kwaɗinsa, kuma kina da abin da za ki nuna wa mai unguwa idan ana maganar hana zuba shara a ciki.

Tambaya: A ƙauyenmu wasu baƙi sukan zo da damina su kama bududdugi da yawa, su ƙyafe su tafi da su. Wannan zai iya ƙarar da su?

Daga wani manomi, ƙasar Daura

Amsa: Malam, wannan fatauci sananne ne: ana kama bududdugi a arewacin Najeriya da maƙwabtanta kamar Nijar da Binin, a ƙyafe ko a shanya, a kai kasuwannin kudu. Abin da ya fi cutarwa shi ne lokacin kamun. A farkon damina manya suna taruwa wuri guda domin haihuwa, tocila tana kashe musu ido, don haka dare ɗaya ya isa a kwashe matan tafki tun ba su saka ƙwai ba, kuma su ne manyan jiki da mai kamu ya fi so. Asarar tana komawa gonarka, tun da bududdugi da 'yan uwansa fara da gara da sauran ƙwari suke ci. Idan tafkin yana cikin gonarka ko a ƙarƙashin ikon dagacinku, abu mafi sauƙi da za ku nema shi ne a dakatar da kamu daga ruwan farko har sai an ga ƙanana sun fara fita tudu. Ku riƙa lura da girman waɗanda ake kamawa kowace shekara, domin idan manya suka daina bayyana a buhun masu kamu, sai matsakaita, alama ce ta cewa ana ɗiba fiye da yadda tafkin yake mayarwa, kuma ya kamata a huta masa damina ɗaya ko biyu.